Yaro da Motarsa

Akwai wani laifi wanda kusan kowane magidanci ya taɓa kama ɗansa da shi. A sayo wa yaro motar wasa da kuɗi masu yawa, kafin kwana uku sai a tarar ya samo wuƙa ko ƙusa ya kwance ta, taya nan, waya can. Uba ya fusata, ya ce yaron nan maɓarnaci ne, ba ya ƙara saya masa kome. Ni dai a ganina ba duk yaron da ya kwance mota ne maɓarnaci ba. Akwai mai fasawa don ƙiriniya, akwai kuma mai kwancewa don ya ga abin da ke juya taya, ya sauya shi da wanda ya fi. Na biyun nan shi na ke so mu yi magana a kansa, domin abin da ya ke yi farkon sana'a ne, in ya sami mai nuna masa hanya.

Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu da muka tashi a ƙasar Kazaure, da kaka ta yi an girbe dawa, sai mu bazu gona neman kara. Mu feƙe bayansa, mu yanka totuwarsa, mu harhaɗa mota har da ƙofa da wurin zaman direba. Taya kuwa da sakaina a ke yi, ko da tsohon silifa. Wanda ya ƙware ya koma motar langalanga ko ta gwangwanin madara, ya sa mata dogon sitiyari na waya, yana tafe yana tuƙi. Abin da na tuna shi ne, ba wanda ya taɓa cewa ya gama motarsa. Yau ka ga ta abokinka ta fi taka gudu a gangare, gobe ka cire tayarka ka yanko wata. Watau tun can asali daɗin wasan yana wajen gyara da sauyi ne.

To, yanzu zamani ya kawo wata irin mota, wadda yara ke kira mai rimot. Yaro na tsaye wuri ɗaya, yana danna wani abu a hannunsa, mota na tafiya, ba igiya ba waya. Dabarar ta daɗe. A shekarar 1898 wani masani mai suna Nikola Tesla ya nuna wa mutanen birnin New York na Amurka wani ɗan jirgin ruwa wanda ya ke sarrafawa daga nesa da saƙon rediyo. A shekarar 1976 kuma kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fara sayar da motocin wasa masu rediyo a kwance cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa. A ƙasashen nan har manyan mutane na wannan wasa, suna gasar tsere, suna sayen kaya iri iri suna sauya wa motocinsu. In ka ga an rubuta 1:10 a jikin kwali, nufinsu tsawon motar wasan kashi ɗaya ne cikin goma na babbar motar da aka kwaikwaya.

Irin waɗannan masu tsada an yi su ne don a riƙa kwance su, kowane kaya zaman kansa ya ke yi. Waɗanda su ke zuwa mana daga kasuwar Sabon Gari ta Kano galibi masu araha ne, waɗanda maƙeransu ba su yi nufin a buɗe su ba. Amma yaranmu ba ruwansu da nufin maƙeri. Buɗewa su ke yi, kuma abin da su ke tararwa a ciki iri ɗaya ne da na masu tsadar, sai dai ƙarami ne, mai rauni.

Bari in lissafa muku abin da ke ciki, don in yaro ya baje shi a gabanku ku san sunan kowanne. Na farko batir, shi ne rumbun ƙarfi. Na biyu wani ɗan allo mai launin kore, cike da ƙananan kayan lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel. Shi ke karɓar saƙo daga rimot ta hanyar eriya, ya buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. Na uku ɗan inji mai juyawa, wanda yara ke kira dainamo. Na huɗu giya, watau faifan nan masu haƙora da ke ɗaukar juyin inji su kai wa taya. Na biyar taya. Akwai kuma wani ƙaramin inji a gaba mai karkata sitiyari dama ko hagu. Waɗannan kaya kamar ayari su ke, kowa da wanda ya ke riƙe wa akala. Ba ka taɓa ɗaya ba tare da sauran sun ji a jikinsu ba. Wannan ita ce maganar da na ke so ku riƙe.

Na ga gaskiyar wannan a wurin ɗan ƙanena, wanda aka sayo wa irin motar nan da salla. Bai yi wata guda da ita ba ya zo ya same ni, ya ce, "Baffa, batirin nan ba ya jimawa, kuma ba ta gudu. Abokina ya ce in sa mata batirin kwamfuta." Na ce masa mu je mu ji ta bakin masu abin. Na kai shi rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo da fitilu a cikin Kazaure. Dattijon ya juya motar, ya buɗe gidan batir, ya ce, "Samari, karanta mini abin da aka rubuta nan." Yaro ya karanta, 6V. Dattijo ya ce, "To, wannan shi ne iyakar abin da cikinta ke ɗauka. Kowa ya ɗura mata fiye da haka, shi ya san abin da zai biya."

Ga bayanin abin da ya ke nufi. A jikin kowane batir akwai lamba da harafin V, ita ke nuna ƙarfin turin wuta. Ƙaramin batirin nan na agogon bango 1.5V ne. In aka jera huɗu kai da gindi sun zama 6V. Batirin litiyam kuwa, irin wanda a ke samu cikin tsohon batirin kwamfuta da fitilun caji, 3.7V ne, in ya cika taf ya kai 4.2V. Ana kiransa 18650, sabo da kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. In yaro ya jera biyu sun zama 7.4V, in sun cika 8.4V. Lalle motar za ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Amma fanel ɗin da aka yi domin 6V yana iya ƙonewa, ka ji ƙauri, ka ga ɗan hayaƙi, shi ke nan mota ta mutu. Abokin nan mai ba da shawara haka tasa ta ƙare.

Akwai lamba ta biyu a jikin batirin caji, wadda a ke rubuta mAh a gabanta. Ita yawan abin da batir ke ɗauke da shi ta ke nunawa. In kun kwatanta wuta da ruwa, V kamar tsayin wurin da a ke kwararo ruwan ne, mAh kuwa girman randar. Babbar randa ba ta karya shuka, ruwan ne dai ya ke daɗewa bai ƙare ba. Amma in ka hau katanga ka sheƙo shi, sai ya tone saiwa. Sabo da haka wanda ke son mota ta jima tana tafiya, sai ya nemi batir mai mAh da yawa, ya bar V yadda ta ke. Yaron da ya gane bambancin nan ya san abin da manya da yawa masu sayen fitilar caji ba su sani ba.

Sai maganar giya, wadda ita ce ta fi koya wa yaro lissafi. A kan bakin inji akwai ƙaramar giya, tana cizon babba wadda ke juya taya. A ce ƙaramar na da haƙora 10, babbar na da 60. Sai inji ya juya sau shida kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka cire ƙaramar aka sa mai haƙora 15, juyi huɗu ya isa. A shimfiɗaɗɗen daɓe gudu ya ƙaru ke nan da rabin na dā. Amma fa ƙarfin ja ya ragu da sulusi, inji kuma ya shiga wahala, ya ɗau zafi. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota ɗauke da kaya tana hawan tudu ya san direba giya ta ɗaya ya ke sawa, tana tafiya a hankali tana gurnani. Gudu da ƙarfi kamar kishiyoyi ne, abin da ka ƙara wa ɗaya daga rabon ɗayar ka ɗebo. Babbar taya ma haka ta ke. Ta kan ci ƙasa da yawa a juyi ɗaya, amma nauyin juya ta a kan inji ya ke.

A nan ne ƙasarmu ta shigo cikin magana. Motocin nan an ƙera su ne don sumulmulen daɓen cikin ɗaki, mu kuwa tsakar gida da bakin hanya mu ke da su. Kuma ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce da tsakuwa. Babura kuwa, can wajen iyakar Nijar, rairayi ya fi yawa. Da muka je ziyarar dangi a Babura da yaron nan, motar da ke tashi kamar kibiya a kan siminti sai ta kafe, taya na juyawa tana tona wa kanta rami. Yaran gidan suka yi masa dariya, sa'an nan suka nuna masa tasu dabara. Su faffaɗar taya su ke yankawa daga silifa, su yi mata tsage tsage, su bar ƙaramar giya mai haƙora kaɗan. Motarsu ba ta da saurin kirki, amma ba ta tsayawa. A Roni kuwa abin da ke damun yara shi ne cikin mota na bugun dutse, sabo da haka ɗaga ta su ke yi, waɗansu har su sa mata sifirin na cikin biro. In kuwa an ɗaga ta fiye da kima, sai ta riƙa kifewa a kwana. Kun ga ba wani gyara guda da ya fi ko'ina. Sai ka duba inda za ka bi kafin ka san abin da za ka sauya.

Har wa yau akwai ƙura da zafi. Da hunturu ƙura kan shiga ko'ina. Yaro ya ga giya na ƙara, sai ya cika ta da giris, alhali kuwa giris kama yashi ya ke yi, su haɗu su cinye haƙoran roba kamar zarto. Abin da ya fi shi ne a goge giya da tsohon burushin haƙori, a shafa mai kaɗan, a rufe gidanta sosai. Da bazara kuma, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, injin da ya jure da sanyin safiya yana iya ƙonewa da tsakar rana. Dattijon nan ya koya wa yaron wani awo mai sauƙi. In mota ta yi tafiya, ya ɗora yatsa a kan inji ya ƙirga biyar. In ya kasa kaiwa biyar don zafi, to, an ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa.

Ba kowane gyara ne ke da haɗari ba. Akwai wanda riba ce zalla, watau rage gogayya. A motoci masu araha sandar taya cikin ramin roba ta ke juyawa, tana gugar jiki. In aka sami ƙaramin boris daidai da ita aka sa, taya ta juya sumul, batir ya ƙara jimawa, inji ya huta. Haka kuma haɗa waya da dalma ya fi murɗe ta da hannu a naɗe da leda. Masu gasa a ƙasashen waje da irin wannan su kan fara, kafin su taɓa inji. Yaranmu kuwa inji su ke fara nema, daga tsohuwar rediyo mai kaset ko matacciyar na'urar faifai. Ya kamata su sani inji iri biyu ne. Mai waya biyu yana da ɗan burushi a ciki mai gugar sandar da ke juyawa, shi ne irin na motocin araha. Mai waya uku ba shi da burushi, ya fi ƙarfi, ya fi ƙarko, amma ba ya tashi sai da fanel irin nasa. Kowa ya haɗa shi da batir kai tsaye ba abin da zai samu sai zafi.

Rimot ma da nasa karatun. A jikin tsofaffin motoci a kan rubuta 27MHz, ko 40MHz, ko 49MHz. Wannan kamar tashar rediyo ce. In yara biyu na da lamba ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya ja motar wancan, su yi ta faɗa, kowa na cewa ɗan'uwansa ya yi masa mugunta. Sababbi masu 2.4GHz kowace mota ta san rimot nata. Eriya kuwa ba a datse ta don ado, domin da awo aka yanke tsawonta. In an rage ta, sai mota ta daina jin kira tun ba ta yi nisa ba.

Yanzu ga inda lalle sai babba ya sa ido. Batirin litiyam ba abin wasa ba ne. In an huda shi, ko an haɗa kansa da gindinsa da ƙarfe, ko an yi masa caji da tsirarar waya ba da cajarsa ba, yana iya kamawa da wuta mai tsanani. A ƙauyukanmu na Gwiwa da Roni, inda danga ta kara ce, rumbu kuma na kusa da ɗaki, wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle da rani. Batirin da ya kumbura ko ya lotsa, a raba yaro da shi. Kada a bar shi a rana, kada a yi caji a kan katifa, kada a kwana ana caji. Uban da ya kori yaro daga wasan nan bai kawar da haɗarin ba, ya tura shi bayan ɗaki ne inda ba mai gani. Wanda ya zauna kusa da shi kuwa shi ke ganin kumburarren batir tun bai fashe ba.

Babbar ƙa'idar da dattijon nan ya ba yaron ita ce, kada ya sauya abu biyu a lokaci ɗaya. Ya ce, "In ka sauya batir da giya da taya rana ɗaya, ta yi gudu, wa za ka gode wa? In ta ƙone, wa za ka kama?" Ya sa shi ya nemi littafin rubutu. Ya ja layi a tsakar gida, ya auna taki ashirin, ya ja wani. Kowane sauyi ya yi, sai ya saki mota, ya duba agogon waya, ya rubuta kwanan wata, da abin da ya sauya, da daƙiƙa nawa ta yi, da ko inji ya yi zafi. Na duba littafin nan bayan 'yan watanni. Na ga inda ya rubuta cewa babbar taya ta rage daƙiƙa biyu, amma inji ya yi zafi, ya mayar da ta dā. Yaron da ke iya mayar da abu don awo ya nuna masa bai yi ba, ko da idonsa na so, ya kama hanyar zama gwani. Haka masu ƙera manyan motoci ke aiki, sai dai nasu littafin ya fi kauri.

Kada wani ya ce wannan hanya ba ta kai ɗan Arewa ko'ina. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda aka haifa a 1966, ya yi karatun zanen gine gine a Birnin Kebbi, sa'an nan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen motoci. Ya yi aiki da kamfanin General Motors, shi ya zana siffar motar nan mai lantarki, Chevrolet Volt, wadda aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tarayya mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci a Nijeriya. Makarantun irin wannan ilmi kuma sun matso ƙofar gidanmu. Ga babbar makarantar fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 2007. Ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021.

Ban ce kowane yaro mai kwance mota zai zama Jelani ba. Amma ku duba abin da ke cika garuruwanmu yau: famfon rijiya mai aiki da hasken rana, fitilar caji, fanka mai batir, wayar hannu. Dukansu batir ne da fanel da waya, waɗansu har da inji, watau kayan cikin motar nan ne aka girmama. In famfon ƙauye ya tsaya, sau da yawa sai an jira mai gyara daga birni, mata na ta tafiya neman ruwa. Yaron da ya san V da mAh yana da shekara goma sha biyu, ya san zafin inji da yatsansa, shi ne a ke sa ran zai hutar da ƙauyensu wannan jira.

Sabo da haka, ya ku iyaye, in kun tarar da yaro ya baje motarsa, ku fara da tambaya kafin faɗa. Ku ce ya faɗi sunan kowane kaya da aikinsa. In ya yi shiru yana sosa kai, ku sa shi ya mayar da ita yadda ta ke, wannan ma karatu ne. In kuwa ya amsa, ku saya masa ƙaramin sukundireba don ya bar wuƙar uwarsa, ku ba shi gwangwanin zuba ƙananan kusoshi, da littafi da fensir. Ku karɓi cajin batir ya zama a hannunku. In da hali, ranar da ba makaranta ku kai shi rumfar mai gyaran rediyo na unguwarku, ku gaishe shi, ku roƙe shi ya bar yaron ya zauna gefe yana miƙa masa kaya.